HUNTURU DA KUMBURIN ƊAKUNAN HANCI: MAGANIN GIDA DA IYAKARSA

Kowace shekara, da zarar an gama kai hatsi rumbu, sai iska ta juya. Daga watan Nuwamba har zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Daga Damagaram zuwa Maraɗi, daga Tawa zuwa Yamai, akan wayi gari hazo ya rufe sararin sama, rana ta yi fari fat, har ana iya dubanta ba a rufe ido ba. Leɓɓa su tsattsage, kaushi ya fito, hanci ya bushe. A wannan lokaci ne mutane da yawa suke zuwa likita da kuka iri ɗaya: mura ta ƙi ƙarewa, hanci ya toshe, goshi da kumatu sun yi nauyi, in an sunkuya sai a ji kamar fuska za ta faɗo.

Wannan ciwo shi ne likitoci ke ce ma sinizit da Faransanci, wato kumburin ɗakunan iska da ke kewaye da hanci. Galibinsa yana warkewa da kansa in an taimaka ma jiki da abin da ke cikin kowane gida: ruwa mai tsabta, gishiri, hutu da abin sha mai ɗumi. Amma maganin gida yana da ƙa'ida, yana kuma da iyaka. Wanda bai san ƙa'idar ba yana iya ƙara ma kansa ciwo. Wanda bai san iyakar ba yana iya zaunawa gida da cuta mai kisa, yana tsammanin mura ce.

ZAURE DA ƊAKUNA TAKWAS

Ana iya kwatanta hanci da zauren gida. Iska na shigowa ta nan, a tace ta, a ɗumama ta, a jiƙa ta, kafin ta wuce zuwa huhu. A gefen wannan zaure, cikin ƙashin fuska, akwai ɗakuna 8, huɗu dama huɗu hagu: biyu cikin kumatu, biyu a goshi bisa gira, biyu tsakanin idanu, biyu can ciki bayan hanci. Na goshi ba su bayyana sai yaro ya kai wajen shekara 6 ko 7.

Bangon kowane ɗaki yana da shimfiɗa mai laushi wadda ke fitar da majina, da wasu ƴan gasu ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Gasun nan suna kaɗawa dare da rana kamar tsintsiya, suna tura majina da ƙurar da ta kama zuwa ƙofa. Mai lafiya yana fitar da majina wajen litar ɗaya a yini, yana haɗiye ta bai sani ba.

Matsalar tana ga ƙofofin. Faɗinsu bai wuce ƴan milimita ba. Ƙofar ɗakin kunci kuwa a sama take, kusa da rufi, ta yadda majina ba ta fita sai tsintsiyar ta hau da ita. In shimfiɗar ta kumbura ko kaɗan, sai ƙofa ta rufe, majina ta taru, ta yi kauri. Daga nan ne nauyin fuska yake fitowa, da ciwon kai, da rashin jin ƙanshi, da majinar da ke gangarawa maƙogwaro ta sa tari da dare. Wani har haƙoransa na sama su yi ta ciwo, domin saiwoyinsu suna dab da daɓen ɗakin kunci.

ABIN DA KE RUFE ƘOFA

Na farko shi ne mura. Ƙwayoyin cuta iri biyu ne ke shiga hanci. Akwai birus, mai kawo mura, wanda maganin kashe ƙwayoyi da ake kira antibiyotik ba ya taɓa shi. Akwai kuma bakteri, wanda antibiyotik ke kashewa. Cikin manya 100 da mura ta kumbura ma ɗakunan hanci, waɗanda bakteri ke shiga nasu ba su wuce 2 ba. Sauran duka jikinsu ne ke gamawa da ciwon, yawanci cikin kwana 7 zuwa 10, ko da yake ɗan toshewa na iya kai mako 2 ko 3.

Na biyu shi ne ƙura da bushewar iska. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe ƙasar Hausa yana tasowa ne daga kwarin Bodele, a arewacin Cadi. Wurin gindin wani babban tabki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi wannan gari wajen kwana 100 a shekara. Masana sun ce babu wuri guda a duniya da ya kai shi tada ƙura. A lokacin nan laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Majina ta daskare, tsintsiyar ta yi sanyi, shimfiɗar ta tsage. Shi ya sa haɓo yake yawa cikin hunturu.

Na uku shi ne hayaƙi. Saboda ɗari ana shigar da wuta ɗaki a rufe ƙofa, mata kuma suna yini bakin murhu da goyo a baya. Hayaƙin itace, da na kara, da na kashin shanu, da na taba, duk suna raunana tsintsiyar hanci. Sai kuma ƙurar sana'a: ta sussuka da shiƙa, ta injin niƙa, ta suminti, ta hanyar da ɗan kabu-kabu ke bi tun safe har dare. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya shiri da ƙura ko furen tsirrai, su yi ta atishawa, idanu na ƙaiƙayi. Ruɓaɓɓen haƙorin sama ma yana iya kai ciwo ɗakin kunci.

RUWAN GISHIRI, UBAN MAGANIN GIDA

Cikin dukan abin da ake yi a gida, wanke hanci da ruwan gishiri ne ya fi samun shaidar masu bincike. A shekarar 2016 likitocin jami'ar Sawsamtan ta Ingila suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi da mutum 871 masu fama da wannan ciwo a kai a kai. Waɗanda aka koya ma wanke hanci sun fi samun sauƙi bayan wata 6, sun kuma rage sayen magani. Dalilin a fili yake: ruwan yana narkar da majina mai kauri, yana kwashe ƙura, yana maido ma shimfiɗar laimarta.

Ga yadda ake haɗa shi. A tafasa ruwa, a bar shi yana tafasa minti 5. A sauke, a rufe, a bari ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. A auna rabin litar, a zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na farin gishiri mai tsabta, shafe ba tsororo ba, a motsa har ya narke. Wannan ma'auni ya yi kusa da gishirin da ke cikin jinin mutum, wato giram 9 cikin litar, shi ya sa ba ya zafi. In gishirin ya yi yawa yana ƙona hanci, in babu shi sam ruwan yana yaji. Ba a amfani da kantun gishiri na dabbobi, domin akwai ƙasa da kanwa cikinsa.

Sai a wanke hannu da sabulu. A sunkuya bisa kwano, a zuba ruwan a tafin hannu, a toshe kafar hanci ɗaya, a shaƙa a hankali da ɗayar, a bar shi ya fito. Wanda ya saba alwala ya san wannan motsi. Mai sirinji marar allura, ko ƙaramar buta da aka keɓe don wannan aiki kaɗai, sai ya karkata kai gefe, ya buɗe baki yana numfashi ta nan, ya zuba ta kafar sama ruwan ya fito ta ƙasa. Bayan haka a face a hankali, kafa ɗaya bayan ɗaya. Facewa da ƙarfi tana tura majina cikin ɗakunan da cikin kunne. A yi sau 2 a yini, safe da maraice. Kowace rana a haɗa sabo, a wanke abin zubawa a shanya shi. Jariri kuwa ɗigo 2 ko 3 a kowace kafa ya isa, kafin a ba shi nono.

Tafasa ruwan wajibi ne. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ruwa mai ɗumi na tabki da na tankin da ba a wankewa. In an sha ta ba ta yin kome, amma in ta shiga ta hanci tana iya bin jijiyar jin ƙanshi ta kai ƙwaƙwalwa. Abin ba ya faruwa da yawa, sai dai da wuya wanda ya kamu ya tashi. A shekarar 2011 mutum 2 sun mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo da ba a tafasa ba. Don haka ruwan rijiya, da na famfo, da na ga-ruwa, duk sai an tafasa su.

SURACE, ZUMA DA MAN KAƊE

Surace tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa: a tafasa ruwa da ganye, a lulluɓa da zane, a shaƙi tururi. Gwajin nan na 2016 ya nuna tururi yana rage ciwon kai, amma ba ya buɗe ɗakunan kamar yadda ruwan gishiri yake yi. Babba da ke jin daɗinsa yana iya yi na minti 10, bayan an sauke tukunya daga wuta an aje ta ƙasa inda ba za ta kife ba, an kuma bari ta ɗan huce. Ganyen itacen turare ko na'ana'a yana sa mutum ya ji kamar iska na wucewa sosai, jin daɗin kuwa na ɗan lokaci ne. Ba a yi ma yaro surace. Yara da yawa sun ƙone ta wannan hanya, ƙunar kuwa ta fi murar muni nesa. Abin da ya fi aminci shi ne tsumma mai tsabta da aka tsoma cikin ruwan ɗumi aka matse, a ɗora shi bisa goshi da kumatu.

Cikin ɗari mutane suna rage shan ruwa don ba su jin ƙishirwa, alhali busasshiyar iska tana tsotse ruwan jiki da kowane numfashi. Mai mura ya yawaita ruwa, da kunu, da romo. Ruwan zafi da citta da lemun tsami da zuma yana lallashin maƙogwaro, zuma kuma tana rage tarin dare. Ba su kashe ƙwayar cutar, amma suna sa marar lafiya ya samu barci, barci kuwa magani ne. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan, domin tana iya ɗauke da wata ƙwaya mai shanye jikin jarirai. Wajen kwanciya a ƙara matashi, kai ya fi ƙirji tudu.

Man kaɗe da man shanu su ma an san su da daɗewa. A shekarar 1979 wani malamin jami'ar Legas mai suna Tella ya gwada man kaɗe ga mutane kaɗan masu toshewar hanci, ya ga yana kawo sauƙi. Gwajin ƙarami ne, amma abin da aka tabbata shi ne ɗan shafi a bakin kafar hanci yana hana tsagewa. A tsaya nan. Narka mai a ɗura shi cikin hanci, balle na jariri, haɗari ne: man na iya gangarawa huhu ya kawo ciwon da ke da wuyar magani.

ABIN DA BA A SA MA HANCI

Ba a cusa tafarnuwa cikin hanci. Majinar da ke zuba bayan an cire ta alama ce ta ƙuna, hancin ne ke kāre kansa. Haka nan garin barkono, da ruwan kanwa, da tabar shaƙa: suna sa atishawa, mutum ya zaci ya samu sauƙi, bayan ɗan lokaci kumburin ya dawo fiye da dā. Man zafi na gwangwani ba a shafa shi cikin hanci, ba a kuma shafa ma yaron da bai kai shekara 2 ba. Maganin ɗigawa na farmasi mai buɗe hanci nan take, in an wuce kwana 5 ana sa shi, shi da kansa yake zama sanadin toshewa.

Babbar asara kuwa tana wurin masu tallar magani a tire da bisa keke. Magidanci ya ga majinarsa ta zama ruwan ɗorawa ko tsanwa, sai ya sayi kafso 4 ko 6 waɗanda suka yini cikin rana. Launin majina ba hujja ba ne: murar birus ma tana canza launi bayan kwana 3 ko 4. Ya ɓatar da kuɗinsa, wataƙila ya samu zawo, sa'an nan ya koya ma bakterin jikinsa jure ma magani. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda bakterin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in an gwada da yawan jama'a. Don ciwon kai da masassara, farasitamol na farmasi bisa ma'aunin da likita ya faɗa ya wadatar.

RIGAKAFI

Abzinawa da matafiyan hamada sun daɗe da gane amfanin rufe hanci da baki da rawani. Amawali yana tare ƙura mai kauri, yana kuma riƙe laimar numfashi. Ƙura mai laushi ƙwarai tana ratsa yadi, amma raguwar da aka samu riba ce. Ranar da hazo ya yi kauri, mai hawa babur, da mai niƙa, da mai shara, da ƴan lakwal masu sammako, su rufe hanci da ƙyalle mai ninki 2 ko 3, a kuma riƙa wanke shi.

A yayyafa ruwa kafin a yi shara. A rufe tagogin da ke duban gabas da arewa. Jiƙaƙƙen zane da aka rataya cikin ɗakin kwana yana ƙara ma iska laima. A dafa abinci a waje ko inda hayaƙi ke da mafita, da busasshen itace. Murhun zamani irin su Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka suna rage cin itace, gas kuwa ya fi su tsabta ga wanda ke da hali. Ba a kwana da garwashi cikin rufaffen ɗaki. Mai shan taba ya fita waje, in ya daina ya fi. Wanke hannu da sabulu yana rage yaɗuwar mura cikin gida, ruɓaɓɓen haƙori kuma a kai shi likita tun bai kumbura ba.

INDA MAGANIN GIDA YA ƘARE

A tafi likita in an cika kwana 10 babu sauƙi, ko an fara samun sauƙi sai ciwon ya dawo da ƙarfi bayan kwana 5 ko 6, ko zafin jiki ya kai digiri 39 tare da ciwon fuska kwana 3 jere. A nan ne ake zaton bakteri, kuma likita ne zai zaɓi magani da yawan kwanakin shansa. In toshewa ta wuce mako 12, ciwon ya zauna, yana bukatar binciken likitan hanci da kunne. Majina mai wari daga kafa ɗaya ga yaro, sau da yawa ƙwayar wake ce ko dutsen ado ya cusa: kada a tono da tsinke. Mai ciwon sukari, da mace mai ciki, da wanda wata cuta ta raunana, su je da wuri.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Ƙashin da ya raba ɗakunan hanci da ido bai fi takarda kauri sosai ba. In fatar ido ta kumbura ta yi ja, ko ido ya turo, ko ana ganin abu biyu-biyu, ko goshi ya kumbura, ciwon ya tsallaka, ido da rai suna cikin haɗari.

Sai kuma sanƙarau. Nijar tana tsakiyar yankin da likita Lapeyssonnie ya bayyana a 1963, wanda ya tashi daga Senegal zuwa Habasha, ƙasashe 26, inda cutar ke ɓarkewa lokacin rani. Masana suna ganin ƙura da bushewar da ke raunana hanci da maƙogwaro suna buɗe ma ƙwayarta hanya zuwa jini. A annobar 1996 da 1997 mutum sama da dubu 250 suka kamu a yankin, wajen dubu 25 suka mutu. Allurar rigakafin da aka fara a 2010 ta karya nau'in A, amma a 2015 nau'in C ya kama mutum wajen 8.500 a Nijar, ya kashe 573. A 2024 aka fara amfani da sabuwar allura mai kāriya daga nau'i 5 a Najeriya da Nijar.

Farkon sanƙarau yana kama da mura mai tsanani, a nan ne ake ruɗewa. Bambancin shi ne masassara mai zafi da ta zo farat ɗaya, ciwon kai irin wanda ba a taɓa ji ba, wuya ya sandare har haɓa ba ta taɓa ƙirji, amai, ƙin haske, ruɗewa ko jijjiga. Ga jariri: maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko ya yi laushi. Cutar tana iya kisa cikin awa 24. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 6 da suka kamu da sanƙarau na bakteri ɗaya yana mutuwa, cikin 5 kuma ɗaya yana tashi da naƙasa, kamar kurumta. Wanda ya ga waɗannan alamu ya nemi amalanke, ko babur, ko mota, ko da tsakar dare ne, ya kai marar lafiya likita mafi kusa.

Wanda ya iya karatu a ƙauye yana da nauyi bisa kansa. Malaman yaƙi da jahilci, da malaman lakwal, da ungozomomi, da masu gari, da ma'aikatan gwamnati da ke zagaya karkara, ya kamata su karanta ma jama'a wannan bayani a dandali da wurin taro, su nuna yadda ake auna gishiri da rabin litar, su kuma maimaita alamun sanƙarau har kowace uwa ta riƙe su. In an yi shelar allurar rigakafi, a fito da yara da matasa gaba ɗaya. Lafiya uwar jiki ce, Allah ya sa a ga bayan hunturu lafiya.